Ƙaramin shafin talla yana biyan buƙata, amma sai an yanka masa wa'adi

Kamfani ya fito da sabuwar haja, ya biya kuɗin talla a Facebook ko Google ko YouTube, mutum ya gani ta burge shi ya latsa. Ina aka kai shi? Sau da yawa ana sauke shi ne a fuskar babban shafin kamfanin, inda tarihin kafuwa yake, da hoton shugaba, da guraben aiki, da kaya iri-iri waɗanda bai tambaya ba. Abin da ya gani a talla kuwa sai ya shiga nema. Ba zai nema ba. Zai koma inda ya fito, kuɗin latsawar kuma an riga an cire. Wannan ɓarakar ce ƙaramin shafi mai zaman kansa, wanda masu sana'ar ke kira maikrosait, yake toshewa, kuma ina ganin duk mai tallata haja ta intanet ya kamata ya san shi. Sai dai ina da sharaɗi a kai: kada a buɗe shi sai an san aiki ɗaya da zai yi, an kuma rubuta ranar da za a rufe shi.

Abin da ake nufi shi ne ɗan shafin intanet mai feji ɗaya zuwa biyar ko kusa da haka, da nasa adireshin da nasa fasalin, wanda aka gina domin haja guda, ko taro guda, ko gasa, ko gangamin talla na 'yan watanni. Kamar rumfar da kamfani ke kafawa a baje-koli yake: ba a kwaso duk abin da ke kanti a kawo, abin da ake son a gani kaɗai ake jerawa, idan an tashi kuma a kwance ta. Ya ɗan fi fejin sauka guda ɗaya faɗi, domin yana iya ɗaukar bayanin haja, da tambayoyin da aka saba yi, da fom, da ƙa'idojin gasa, kowanne a nasa wurin. Da zarar ya fara kai feji ashirin, ya tashi daga ƙaramin shafi, ya zama babban shafi na biyu, kuma kamfani ya ɗora wa kansa ɗawainiyar kula da biyu.

Amfaninsa na farko, wanda ya fi kowanne girma, shi ne tattara hankalin baƙo wuri ɗaya. Babban shafi yana yi wa mutane da yawa hidima a lokaci guda: mai saye, da mai neman aiki, da ɗan jarida, da mai zuba jari, da wanda ya zo da ƙorafi. Dole jerin zaɓinsa ya yi yawa. Ƙaramin shafi kuwa mutum ɗaya yake jira, wato wanda ya ga tallar. Kalmar da aka yi masa alkawari da ita a talla ita zai tarar a kan gaba, hoton da ya ja shi shi zai sake gani, maɓalli ɗaya ne kuma a gabansa. Wannan daidaito tsakanin talla da masauki har a kuɗin talla yana taɓawa. Google Ads yana ba kalmomin da ake talla da su maki daga 1 zuwa 10, kuma abu uku yake dubawa: yiwuwar a latsa, da dacewar tallar da abin da aka nema, da ingancin fejin da aka sauka. Ingancin talla yana cikin abin da ke yanke matsayinta da abin da za a biya a kowace latsawa. Wanda ya gyara masauki ya gyara ɗaya daga cikin ukun.

Na biyu shi ne sauri. A kamfanin da ya ɗan girma, sauya layi ɗaya a babban shafi yana iya bi ta hannun masu kwamfuta, da lauya, da mai kula da tambari, kuma ga tsoron kada a taɓa wani abu sashen biyan kuɗi ya tsaya. Ƙaramin shafi ba ya taɓa wannan ginin. Mutum biyu, mai rubutu da mai tsarawa, suna iya kammala shi cikin 'yan kwanaki da manhajojin gina shafi irin su Webflow ko Wix ko Carrd, ko su rubuta shi da hannu su ɗora a Netlify ko Cloudflare Pages. Idan tallar ta karɓu jama'a suka yi tururuwa fiye da yadda aka zata, nauyin yana kan ƙaramin shafin, babban yana ci gaba da ciniki. Ana kuma iya gwada sabuwar murya ko sabon launi a can ba tare da an sauya wa kamfani fuska gaba ɗaya ba.

Manyan kamfanoni sun daɗe da gane wannan. A 2004 Burger King ya buɗe wani shafi mai suna Subservient Chicken, inda wani mutum cikin shigar kaza yake aikata umarnin da baƙo ya rubuta masa. Abu ɗaya tak ake yi a shafin, mutane kuma suka riƙa tura wa juna adireshin. A 2006 OfficeMax ya fito da Elf Yourself, inda mutum ke ɗora hoton fuskarsa a kan ɗan rawa ya aika wa 'yan uwa. Spotify Wrapped, mai nuna wa kowa abin da ya fi saurara a shekara, a shafin intanet na daban ya fara kafin a shigar da shi cikin manhajar a 2019. Abin da ya haɗa su shi ne an ba baƙo abin yi, abin kuma ya shafe shi shi kansa, shi ya sa yake nuna wa wani.

Ba na son a ɗauki waɗannan a matsayin ma'auni. Kuɗi masu yawa da ƙwararru ne a bayansu, kuma ana tuna su ne domin sun yi fice a cikin dubbai da aka manta. Ɗan kasuwa na yau da kullum ba ya buƙatar abin da zai zaga duniya. Mai sayar da kayan wutar sola zai fi cin riba da ɗan shafi inda baƙo zai zaɓi fitilu da fanka da firjin da yake da su, a lissafa masa girman batir da yawan faranti, sannan a tambaye shi ko yana son a kira shi. Makarantar koyon sana'a tana iya buɗe na rajistar zango guda. Mai shirya taro yana buƙatar rana, da wuri, da jerin masu jawabi, da tikiti. Duk waɗannan ƙananan shafuka ne masu aiki ɗaya, kuma wanda ya cike fom ɗinsu ya riga ya nuna da gaske yake.

Amfani na uku shi ne awo, kuma a nan ne mai talla ke samun abin da allon gefen titi ba zai taɓa ba shi ba. Tun da shafin na gangami ɗaya ne, kusan duk wanda ya shigo gangamin ne ya kawo shi, lissafi ba ya cakuɗewa da na masu neman aiki da masu ƙorafi. Domin a san ta wace ƙofa kowa ya shigo, ana maƙala wa adireshin alamomin UTM, waɗanda Google ya gada daga kamfanin Urchin da ya saya a 2005. Uku ne ginshiƙai: utm_source yana faɗin inda baƙo ya fito, utm_medium yana faɗin irin hanyar, ko imel ko talla mai biya, utm_campaign kuma sunan gangamin. Kuskuren da ake yawan yi biyu ne. Wani ya rubuta Facebook da babban baƙi, wani ya rubuta da ƙarami, sai Google Analytics, manhajar da ke ƙirga baƙin shafi, ya raba su gida biyu, rahoto ya hargitse. A tsayar da ƙananan baƙaƙe tun farko, a rubuta sunayen a takarda ɗaya da kowa zai kwafa daga ciki. Na biyu, kada a sa waɗannan alamomi a mahaɗan da ke cikin shafin kansa, domin suna iya rufe asalin inda baƙon ya fito. Tallar da aka buga a takarda ko a kwalin haja kuma a ba ta lambar QR tata daban, kowane wuri da tasa. Gajeren adireshi yana ba da lamba mai ƙarancin ɗigo, wadda kyamara ke saurin karantawa ko daga nesa.

Yawan baƙi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Abin ƙirgawa shi ne nawa suka yi abin da aka gina shafin dominsa. A ce mutum 1,000 sun shigo, 30 sun cike fom, kashi 3 cikin ɗari ke nan, kuma da yawan waɗanda suka cike ɗin, wato 30, ake raba kuɗin talla a san nawa kowane mai sha'awa ya ci. Hanya mai sauƙi ita ce a yi fejin godiya da ba a kai wa gare shi sai bayan an aika fom, a ƙirga shi. Masu gwada take biyu su ga wanne ya fi, su yi haƙuri da ƙananan alƙaluma. Mutum 100 a nan 4 sun cike, 100 a can 6 sun cike, wannan bambancin sa'a ma tana iya kawo shi.

Akwai wani amfani da ake yawan jingina wa ƙaramin shafi wanda ban yarda da shi ba, wato wai yana ɗaga kamfani a sakamakon binciken Google. Ana cewa a sayi adireshi mai ɗauke da kalmar da mutane ke nema, a gina ɗan shafi, a ja mahaɗi daga can zuwa babban shafi. Ga abin da ke faruwa a zahiri. Sabon domen, wato sunan adireshin da ake saye kamar kamfani.com, ba shi da tarihi, babu wani shafi da ke nuna shi, Google bai san shi ba. Babban shafin kamfani kuwa ya yi shekaru yana tara mahaɗai daga jaridu da abokan hulɗa. Idan gangamin ya yi kyau jaridu suka rubuta a kai, mahaɗan da za su sa suna tafiya ne ga sabon domen, wanda za a rufe bayan wata uku. An raba ƙarfi ke nan maimakon a tara shi. Mahaɗin da ke fitowa daga shafin da shi kansa babu mai nuna shi kuwa, nauyinsa kaɗan ne ƙwarai.

Ya fi muni idan aka buɗe goma ko ashirin masu rubutu iri ɗaya, sunan gari ko na haja kawai ake sauyawa, duk suna tura mutum wuri guda. Ƙa'idojin Google sun ambaci irin waɗannan shafukan ƙofa a cikin abubuwan da ake hukuntawa, a watan Maris na 2024 kuma an ƙara dokoki kan tara rubutu barkatai domin yaudarar injin bincike da kan sayen tsohon domen domin cin moriyar sunansa. Idan dole ne wani rubutu ya fito a ƙaramin shafi da babba duka, a sa alamar canonical, wadda manyan injinan bincike suka amince da ita tun 2009, a nuna wanne ne na asali. Baƙin ƙaramin shafi daga talla suke zuwa, da imel, da kafofin sada zumunta, da lambar QR. Wanda ba shi da shirin kawo su ta waɗannan hanyoyi, ya gina abin da babu mai gani.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da ta fi kowace tasiri, wato inda za a ajiye shi. Zaɓi uku ne. Ana iya sa shi a matsayin sashe a cikin babban adireshi, kamar kamfani.com/gasa. Ana iya yi masa reshe, kamar gasa.kamfani.com. Ana iya saya masa sabon domen gaba ɗaya. A ra'ayina na farko ya fi idan masu kula da babban shafi za su iya ba sashen nasa fasalin ba tare da jerin zaɓin da ke sama ba, domin duk mahaɗin da aka samu ya zauna a gida. Idan hakan zai ɗauki watanni, a yi reshe. Layi ɗaya ne ake ƙarawa a bayanan DNS (rajistar da ke haɗa sunan adireshi da kwamfutar da shafi yake a kai), galibi nau'in CNAME, a nuna inda shafin yake zaune, babu sabon domen da za a biya, sunan kamfani kuma yana nan a adireshin. Sabon domen yana da hujja a wurare kaɗan: idan kamfani biyu suka haɗa gwiwa kuma babu mai son ya zauna a ƙarƙashin ɗan uwansa, ko hajar za ta zama tambari mai cin gashin kansa, ko za a faɗi adireshin a rediyo ana buƙatar gajere mai saurin kamawa.

Dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da sabon domen bai tsaya kan Google ba. Shekara da shekaru bankuna da kamfanoni suna gargaɗin mutane kada su rubuta bayanansu a adireshin da ba su sani ba, domin haka 'yan damfara ke yi, su sayi suna mai kama da na gaske su ce an ci kyauta. Sai kuma kamfanin da kansa ya zo da baƙon adireshi yana neman lambar waya. Mai hankali zai ja da baya, kuma yana da gaskiya. Idan an zaɓi sabon domen, a sa tambarin kamfani da cikakken sunansa a fili, a kuma sa mahaɗi daga babban shafi da shafukan sada zumunta na kamfanin zuwa gare shi, yadda mai shakka zai iya tabbatarwa. Sunan ya zama wanda aka ji sau ɗaya aka iya rubutawa, babu karan tsakiya, babu lambar da za a yi ta tambayar ko da baƙi ake rubuta ta. Ga kuma matsalar awo: kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urar baƙo domin ya gane shi, ba sa tsallakawa daga domen zuwa wani. Mutum ya bar ƙaramin shafi ya je babba ya biya, sai a ƙirga shi mutum biyu, cinikin kuma a jingina shi ga ƙaramin shafin maimakon tallar da ta kawo shi. A Google Analytics 4, wanda ya maye gurbin tsohon tun 1 ga Yulin 2023, sai an shiga saitin an jera domen ɗin duka kafin ya gane mutum ɗaya ne.

Ginin kansa ba shi da wuya idan an bi tsari. A fara da rubuta jimla ɗaya: wane ne zai zo, me zai yi kafin ya tafi. Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba a cire shi. Abin da ke bayyana a fuskar waya kafin a ja ƙasa ya ƙunshi take mai faɗin amfanin hajar, da layi ɗaya ko biyu na ƙarin bayani, da maɓallin. A rubuta aikin a kan maɓallin, "Karɓi lissafinka" ko "Yi rajista", kada a bar shi da kalmar da ba ta faɗin abin da zai biyo baya. A ƙasa sai hujja: hotunan hajar na gaske, da sharuɗɗan garanti, da amsar tambayoyin da masu saye ke yi kafin su yarda. Masu amsa waya a kamfani sun fi kowa sanin waɗannan tambayoyi, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Fom ya tsaya kan abin da za a yi aiki da shi. Idan kira za a yi, suna da lamba sun isa. Kowane gurbi da aka ƙara, ranar haihuwa ko adireshin gida, wani dalili ne na fasawa, kuma ƙarin bayani ne da kamfani zai ɗauki alhakin tsarewa.

Sai nauyi. A nan ƙananan shafuka suka fi yin tuntuɓe, domin mai tsarawa yana ganin ya sami filin nuna gwaninta, sai ya cika shi da bidiyo mai kunna kansa da hotuna masu motsi. Google yana da ma'aunai uku da za a iya riƙewa: babban abin da ke fuskar feji ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, feji ya amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, tsallen da abubuwa ke yi yayin buɗewa kuma kada makinsa ya wuce 0.1. Ana duba su kyauta a PageSpeed Insights. Hotuna ne suka fi jawo jinkiri. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamara yana kai megabait da dama, alhali idan aka rage faɗinsa zuwa fiksel 1,200 ko 1,600 aka mai da shi WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, yawanci yana sauka ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. A rubuta tsawo da faɗin kowane hoto a lambar fejin, in ba haka ba rubutu zai riƙa tsalle mutum ya latsa abin da bai nufa ba. Rubutun cikin fom kada ya gaza fiksel 16, domin iPhone yana zuƙo fuska da kansa idan ya gaza, fasali ya karkace. A gwada a ƙaramar waya da intanet mai rauni. Kwamfutar ofis ba ta nuna gaskiyar abin da baƙo zai gani. Akwai darasi a tarihin Flash ma, tsohuwar fasahar kamfanin Adobe ta yin hotuna masu motsi a shafi: ƙananan shafuka masu yawa na shekarun 2000 da shi aka gina su, iPhone bai taɓa buɗe shi ba, Adobe kuma ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020. Abin da aka gina da HTML tsantsa, wato ainihin harshen rubuta shafukan intanet, har yau yana buɗewa.

Kafin a saki talla, wani wanda ba shi ya gina shafin ba ya cike fom ɗin daga farko zuwa ƙarshe, a tabbatar saƙon ya isa akwatin da mutum mai rai ke dubawa, an kuma san wanda zai amsa da cikin awa nawa. Fom mai aikawa zuwa imel ɗin ma'aikacin da ya bar aiki yana iya cinye gangami sukutum ba a sani ba. A duba ko an cire alamar noindex, mai hana shafi fitowa a sakamakon bincike, da ake sawa lokacin gini, idan ana son Google ya gan shi. A tabbatar da HTTPS, wato tsarin ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin baƙo da shafi, domin tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt yana ba da takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta, amma wa'adinta gajere ne, an daɗe ana ba da ta kwana 90, saboda haka sabuntawar ta zama mai yin kanta. A sa hoton da zai fito idan an tura adireshin a WhatsApp ko Facebook, mai fiksel 1,200 da 630, a tura wa kai a gani. Idan za a aika imel daga sabon domen, a saita SPF da DKIM da DMARC, alamomin da ke tabbatar da cewa imel daga mai domen ɗin ya fito, waɗanda Gmail ya wajabta wa masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana tun Fabrairun 2024. Sabon domen da ya fara da aika dubban saƙonni rana ɗaya, akwatin tarkace ne makomar yawancinsu.

Ƙanƙantar shafi ba ta sauke masa doka. Tun da yana karɓar suna da lamba, yana buƙatar bayanin abin da za a yi da su da wanda zai riƙe su. Mai tallata wa mazauna Tarayyar Turai yana ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, wadda tararta ke iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara, wanda ya fi yawa, kuma akwatin amincewa da aka riga aka yi wa alama ba ya zama izini a ƙarƙashinta. Ƙasashe da dama sun yi nasu dokokin. Wanda ya ba da lambarsa domin gasa, gasa ya yarda da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an tashi daga gangamin. Kuɗin talla ya ƙare, wanda ya gina shafin ya kama wani aiki, shafin kuma yana nan yana tallata rangwamen da ya wuce, fom yana karɓar sunayen da babu mai kira. Idan da manhajar gina shafi ta WordPress aka yi shi, ƙananan manhajojin da aka maƙala masa suna tsufa ba a sabuntawa, kuma ta irin waɗannan ramuka ake yawan kutsawa a cusa tallar caca ko fejin damfara a ƙarƙashin tambarin kamfani. Domen haya ce ta shekara-shekara. Idan na .com ne aka ƙi biya, akwai ɗan lokacin sassauci da zai iya kai kwana 45, sai kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, sai kwana 5 kafin a sake shi kowa ya saya. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan. Adireshin kuma yana nan a kan kwalaye da takardu da tsofaffin bidiyo, yana kai abokan ciniki hannun wanda ya saye shi. Reshe ma yana da nasa haɗarin: an soke masaukin shafin, wato wurin da aka ɗora shi a intanet, amma an bar layin CNAME yana nuni can, sai wani ya yi rajistar wannan gurbin a kamfanin masaukin, ya mallaki feji mai ɗauke da ainihin sunan kamfani.

Shi ya sa nake cewa a rubuta rufewar tun ranar buɗewa. Domen ya kasance a asusun kamfani, da imel ɗin da fiye da mutum ɗaya ke iya buɗewa, da sabuntawa mai yin kanta, da tabbatarwa mai mataki biyu. Kada ya zauna a asusun kamfanin tallar da aka ɗauka haya ko na ma'aikaci, domin ranar rabuwa kan zo. Ranar da aka yanka, a cire fom, a kwashe bayanan mutane zuwa inda ya dace a goge saura, a mayar da rubutun da ke da sauran amfani cikin babban shafi. Sannan kowane feji a karkatar da shi da lambar 301, mai nufin ƙaura ta dindindin, zuwa fejin da ya fi kama da shi. Tura komai zuwa fuskar babban shafi ba ya wadatarwa, Google yana iya ɗaukar hakan kamar fejin ya ɓace ne. Shawarar Google ita ce a bar karkatarwar aƙalla shekara guda. Ni ina ganin muddin adireshin yana jikin wani abu da aka buga, a ci gaba da biyan hayarsa, domin kuɗin ba su kai ɓarnar da sakinsa ke jawowa ba.

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya ce, shafin Instagram ko lambar WhatsApp sun isa. Ga mai ƙaramin ciniki da ke iya amsa kowa da hannunsa, sau da yawa sun isa ɗin, kuma ba zan ce ya ɗora wa kansa abin da ba ya buƙata ba. Amma a can dokar ta mai dandalin ce, shi ke yanke wanda zai ga rubutu, asusun kuma ana iya rufe shi ba tare da dogon bayani ba. Wanda babban shafinsa bai gyaru ba ma ya fara gyara shi, domin mai shakka can zai je ya duba ko kamfanin na gaske ne. Wanda ke da haja guda mai buƙatar bayani, da kuɗin kawo mutane, da ma'aikacin da zai amsa su, da wanda aka ɗora wa alhakin rufewa, shi ne ƙaramin shafi zai yi wa aiki, kuma ya fara da reshen adireshinsa kafin ya yi tunanin sayen sabo.